Kan mutum, kan kwaɗo da rumfar zaɓe: yadda na bi sawun kalmar poll

Musu ne ya jawo. Ranar 8 ga Afrilun 2013 labari ya shigo cewa Margaret Thatcher, tsohuwar firaministar Birtaniya, ta rasu, aka ce mu yi maza mu fassara tarihinta kafin labaran yamma. A lokacin ina teburin fassara a wani gidan rediyo, ni da wani matashi da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Muka raba takardar biyu, ya ɗauki rabin ƙarshe. Da ya miƙo mini nasa in duba, sai idona ya faɗa kan wata jimla: wai cikin abubuwan da suka kayar da ita daga mulki a 1990 har da "harajin zaɓe". Na koma kan Turancin, na ga an rubuta poll tax.

Na ce masa, "Kai, wannan ba harajin zaɓe ba ne. Kuɗin kai ne, irin wanda kakanninmu suka biya."

Ya ce, "Yaya, to ai poll zaɓe ne. Jiya-jiyan nan ka fassara opinion poll da ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Rumfar zaɓe ma polling unit ake ce mata. Me ya haɗa kalmar da kai?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, na ga ba ni da ita. Na san harajin Thatcher kan kowane baligi aka ɗora shi, kuɗi ɗaya ga attajiri da talakan da ke yanki guda, amma dalilin sunan ban taɓa tambayar kaina ba. Edita ya leƙo yana nuna mana agogo, muka sa "kuɗin kai" aka karanta. Gaskiya ba da hujja na kayar da yaron ba, girmansa kawai na yi a aiki, shi ma kuma ya san haka. Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta.

Kafin in buɗe kowane littafi sai da na yi abin da duk mai son kalmomi yake yi, wato ƙirƙiro wa kalmar iyaye daga kaina. Na farko na ce daga Girkanci take, daga polis, birni, inda Turanci ya samo politics da police. Zaɓe dai siyasa ne, ina wuya? Na biyu na tuna polloi, shi ma Girkanci, ma'ana masu yawa, taron jama'a. Wannan ya fi kwanta mini, don jin ra'ayin jama'a ai sai da jama'a. Na uku ma har da pole, sanda, wai ko da can masu zaɓe bayan sanda suke yin layi. Na rubuta su ukun a bayan wata tsohuwar takardar labarai, ina jin kaina wani shehin malami. Duka ukun babu wanda ya kai labari. Kama da wane dai ba ta wane.

Ƙamus ɗin da ke kan teburinmu bai taimaka sosai ba, domin irinsa ma'anar yau yake sa wa a gaba: binciken ra'ayi, sannan zaɓe, sannan yawan ƙuri'un da aka kaɗa. Sai can ƙasa, da ƙananan haruffan da ban taɓa damuwa da karantawa ba, na ga an ce daga Turancin tsakiyar zamani ne, kuma ma'anarta kai. Kai, na mutum ko na dabba. Na sake karantawa. Daga nan na shiga intanet, shafin Online Etymology Dictionary, shi ma ya ce haka, ya ƙara da shekaru: wajejen 1300 tana nufin kai ko gashin kai, wajejen 1620 ta koma ƙirga ƙuri'u, ma'anar binciken ra'ayin jama'a kuwa sai 1902 ta bayyana. Da musun kawai nake son ci, da nan na tsaya. Amma tsakanin kai da ƙuri'a akwai tazarar shekara ɗari uku, kuma ni abin da ya faru a tsakanin nake son gani da idona.

Ranar Asabar na tafi ɗakin karatu na wata jami'a neman babban ƙamus na Oxford, bugun 1989 mai juzu'i 20. Dattijon da ke kula da sashen ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, wace kalma ce ta fito da kai da sassafe haka?" Na ce, "Baba, mai harafi huɗu ce." Ya yi dariya, ya ce ƙananan su suka fi wahalar da mutum, ya nuna mini juzu'i na 12. Sai da na busa ƙura kafin in buɗe.

Wannan ƙamus ba kamar sauran yake ba, kuma sai mutum ya gane tsarinsa yake amfana da shi. An fara fitar da shi kashi-kashi a 1884 ƙarƙashin James Murray, ba a kammala ba sai 1928, bayan shi kansa ya rasu. Yadda aka haɗa shi, dubban masu sa kai ne suka riƙa karanta tsofaffin littattafai, duk inda suka ga kalma an yi amfani da ita sai su kwafe jimlar a 'yar takarda, da sunan littafin da shekararsa, su aika. Saboda haka a ƙarƙashin kowace kalma ma'anar da ta fi tsufa ce a sama, kowace ma'ana kuma da jimlolinta jere bisa shekaru. Kamar isnadi ne: ba a karɓar magana sai an ga wanda ya faɗe ta da lokacin da ya faɗa.

Nan na kusa sake faɗawa rami. Kalmar poll ba ɗaya ba ce a ciki, shigarwa daban-daban ce, kowace da asalinta. Idona ya fara sauka kan wadda aka ce daga polloi take, Girkancin nan da na yi hasashe. Har na buga tebur, Baba ya ɗago kai. Da na natsu na karanta, ashe wata kalma ce ta daban, yaren ɗaliban jami'ar Kambirij, suna nufin gama-garin ɗaliban da suka samu digiri ba tare da daraja ba. Ƙanwar bayan-baya ce, ɗaruruwan shekaru ke tsakaninta da waccan mai nufin kai, kuma ba ta taɓa fita harabar jami'a ta je rumfar zaɓe ba. Akwai ma wata Poll ɗin, sunan da Turawa ke kiran aku da shi. Rubutu ɗaya, gida uku. Ba don shekarun da ke gefen kowace jimla ba, da na koma ofis da ƙarya mai kama da ilimi.

Wadda nake nema ta fara bayyana a rubuce ne a ƙarshen ƙarni na 13, ana rubuta ta pol ko polle. Daga baya da na duba ƙamus na Turancin tsakiyar zamani da jami'ar Michigan ta sa a intanet kyauta, da wannan tsohon rubutun na same ta. Tsohon Turanci na kafin zuwan Normandawa a 1066 da wata kalma yake kiran kai, heafod, wadda ta zama head. Dangin poll suna tsallaken teku ne, a tsohon yaren mutanen Holan da Jamusancin arewa, inda pol ke nufin kai ko ƙololuwar abu. Kuma ba dukkan kai ake nufi ba tun farko. Wurin da gashi ke tsirowa ne, tsakar ka zuwa ƙeya. Har yau masu dawaki a Ingila haka suke kiran tsakanin kunnuwan doki.

Wannan ɗan bayanin na ƙeya da tsakar ka shi ya buɗe mini komai. Ka tsaya kan wani tudu ka dubi taron mutane a filin idi: ba fuska kake gani ba, tsakar kawuna kake gani, ita kuma za ka ƙirga. Mu ma ai haka muke cewa, "nawa ne kowane kai?" Tun a ƙarni na 14 kalmar ta fara nufin mutum guda cikin lissafi. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, inda ake ba da labarin ƙidayar Bani Isra'ila, an ce a ƙirga maza by their polls, wato kai da kai.

Na ɓata fiye da awa guda kan 'ya'yan da kalmar ta haifa a gefe, ko da yake ba su ne suka kai ni ba. Talibambam, ɗan kwaɗon nan mai wutsiya, a Turanci tadpole ne: tadde kwaɗo, pol kai, wato kwaɗon da duk jikinsa kai ne. Wanda ya taɓa kallon su a kududdufi da damina ya san ba a yi ƙarya ba. A matsayin aikatau kuma poll na nufin aski, yanke abin da ke kan kai. Daga nan aka samu polled, saniya marar ƙaho, da pollard, bishiyar da aka daddatse wa kai don ta sake tofo, kamar yadda makiyaya ke yi wa gawo da rani. Har takardar da Bature ke cikewa in zai canza suna, deed poll, daga askin nan take: takarda ce da aka yanke gefenta sumul don mutum ɗaya ne ya yi ta, saɓanin yarjejeniyar mutum biyu da ake yanke wa gefe da haƙora-haƙora don a haɗa a ga ko sun dace. Baba ya zo wucewa ya tarar ina murmushi ni kaɗai, ya girgiza kai ya wuce.

Sai batun haraji, wanda shi ne asalin musun. A 1377, ana tsakiyar dogon yaƙin Ingila da Faransa, majalisa ta ɗora wa duk wanda ya haura shekara 14 kwabo huɗu. Aka sake a 1379, wannan karon gwargwadon matsayin mutum. A 1380 aka zo na uku, aka ninka na farko sau uku, sule guda kan duk wanda ya haura 15. Da aka zo karɓa sai mutane suka ɓace daga rajista, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka ƙirga a 1377 aka neme su aka rasa. Gwamnati ta tura masu bincike ƙauyuka, a ƙarshen Mayun 1381 mutanen gundumar Essex suka kore su, wuta ta kama. Talakawan Kent da Essex suka shiga Landan ƙarƙashin jagoransu Wat Tyler, suka sare kan Simon Sudbury, babban limamin cocin Kantabari wanda kuma shi ne babban waziri. Washegari, 15 ga Yuni, aka kashe Tyler a Smithfield a gaban Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14. Ina karanta wannan ina tuna labaran da kakata ke ba mu na yadda maza ke kwana a daji in an ji masu karɓar haraji sun doso gari, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano a 1979.

A nan ma shekarun sun gyara mini wani zato. Na ɗauka tun 1377 ake cewa poll tax. Ashe wannan haɗin kalmomin sai ƙarshen ƙarni na 17 ya bayyana a rubuce, masu tarihi ne suka waiwaya suka laƙaba wa harajin da sunan. Na Thatcher ma ba sunansa ke nan a hukumance ba, Community Charge ne. Masu adawa da shi suka tono tsohon sunan suka manna masa, da gangan, don a tuna da 1381. Aka fara shi a Sikotland a 1989, Ingila da Wales a 1990, aka yi ƙazamar tarzoma a tsakiyar Landan ranar 31 ga Maris, a Nuwamba Thatcher ta sauka daga mulki.

Yadda kai ya zama ƙuri'a kuwa, sai da na bar ƙamus na koma littattafan tarihin zaɓen Ingila kafin in gane. A da, in za a zaɓi ɗan majalisa, masu ikon zaɓe taruwa suke yi a fili, jami'in sarki mai kula da gundumar ya kira sunan ɗan takara, magoya baya su yi ihu. Wanda ihunsa ya fi ƙarfi shi ya ci. In an yi gardama sai a ce a ɗaga hannu, ko kowane ɓangare ya koma gefe guda a duba da ido. In wanda aka kayar bai yarda ba, yana da damar ya ce shi fa sai an ƙirga kawuna ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙirgar ita ce poll. Wato mataki ne na ƙarshe, na raba gardama, daga baya ya haɗiye sunan zaɓen gaba ɗaya. Duk wanda ya ga zaɓukan ƙato bayan ƙato na farkon shekarun 1990 a Najeriya, inda ake yin layi bayan hoton ɗan takara malamin zaɓe na bi yana ƙirgawa, ya ga ainihin ma'anar kalmar da idonsa.

Kuma ba a ɓoye ake yi ba. Mai zaɓe zai hau gaban akawu ya faɗi sunansa da wanda yake so da babbar murya, a rubuta a littafin da ake kira poll book, sau da yawa ma a buga shi a sayar. Mai gona yana iya saye ya duba ko ɗan hayarsa ya bi umarni. Ana ɗaukar kwanaki ana yi: na mazaɓar Westminster da ke Landan a 1784 ya kai kwana 40, abin da ya sa a shekara mai zuwa aka taƙaita shi zuwa 15. Sai a 1872 Birtaniya ta koma ƙuri'ar sirri, bayan wasu yankunan Ostareliya sun riga ta tun 1856. Aka daina ƙirga kawuna aka koma ƙirga takardu, amma sunan bai motsa ba.

Zangon ƙarshe a Amurka yake. Tun 1824 wata jarida a Pennsylvania ta buga sakamakon tambayar da aka yi wa mutane a garin Wilmington kan wanda za su zaɓa shugaban ƙasa, Andrew Jackson na gaban John Quincy Adams. Irin wannan zaɓen gwaji daga baya aka riƙa kiransa straw vote, zaɓen tsinke, wai kamar a jefa tsinken ciyawa sama a ga inda iska ta dosa, yadda mai sheƙa ke fara sakin ɗan ƙaiƙayi kafin ta juya baya ga iska. Da farko tunanin shi ne, iya yawan kawunan da ka ƙirga iya gaskiyarka. Mujallar Literary Digest ta kai wannan tunani maƙura a 1936: ta aika katuna miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce a zaɓen shugaban ƙasa Alf Landon zai samu kashi 57 cikin 100 ya kayar da Franklin Roosevelt. Aka yi zaɓe, Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48, Landon ya tsira da Maine da Vermont kawai. Sunayen da mujallar ta aika wa, akasari daga littafin lambobin waya da rajistar motoci ta samo su, a lokacin da karayar tattalin arziki ta sa waya da mota sai mai hali, kuma masu jin haushin Roosevelt su suka fi zafin mayar da amsa. George Gallup, wanda ya kafa cibiyarsa ta binciken ra'ayi a 1935, mutanen da ya tambaya ba su kai kashi uku cikin ɗari na nata ba, amma ya yi ƙoƙarin su zama daga kowane rukuni, ya kuma ce Roosevelt zai ci. Kafin 1938 ta ƙare mujallar ta mutu. Duk ɗan kasuwar hatsi a Dawanau zai gane abin da ya faru: mudu goma daga bakin buhu, inda mai kaya ya zuba mai kyau, bai kai tafin hannu ɗaya da aka zaro daga sama da tsakiya da ƙasa ba. Gallup ɗin ma dai ya sha ƙasa a 1948, da ya ce Dewey zai kayar da shugaba Truman.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar nan shi ne wannan juyin. Kalmar da aka ɗauko don a ce "kada a yi kirdado, a ƙirga kowa da kowa" ita ce yau sunan aikin da gaba ɗayansa kirdado ne na ilimi, a tambayi mutum dubu ɗaya ko biyu a faɗi ra'ayin miliyoyi. Da na koma gida na duba tamu fassarar, sai na ga kamar ta fi ta Turancin dacewa. Ƙuri'a daga Larabci take, ƙur'a, kuma asalinta ba zaɓe ba ne, jefa rabo ne a ga wanda zai faɗa wa, kamar yadda ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Binciken ra'ayi na zamani kuwa ingancinsa ya rataya ne kan a ɗebo waɗanda za a tambaya ta hanyar da kowa zai iya faɗowa ciki, ba son rai. Ko wanda ya fara cewa "ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a" ya yi wannan tunanin ko dace ya yi, ni dai na daina yi mata kallon fassarar dole.

Ranar Litinin na shiga ofis da takardu huɗu cike da rubutu, na zaunar da yaron na karanta masa tun daga kwaɗo har Gallup. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya jawo takarda ta uku ya sa yatsa kan wani layi da na rubuta a gefe ban karanta ba.

"Yaya, wannan fa?"

Bayani ne kan jihohin kudancin ƙasar Amurka. Daga ƙarshen ƙarni na 19 jihohin can suka mayar da biyan poll tax sharaɗin kaɗa ƙuri'a, dala ɗaya ko biyu, don a hana baƙaƙen fata da talakawa zaɓe. Sai a 1964 gyara na 24 ga tsarin mulki ya haramta shi a zaɓukan tarayya, a 1966 Kotun Ƙoli ta haramta shi a na jihohi, a wata shari'a da ta taso daga Virginia.

"Ashe in labarin Amurka ne, harajin zaɓe ne ke nan," in ji shi.

Na ce asalin sunan dai kai ne, ko a can. Ya ce shi ba asali ya tambaya ba, abin da mai sauraro zai fahimta ya tambaya. Na rasa ta cewa. Muka ɗauko littafin da muke tara kalmomin fassara a ofis, muka rubuta layi biyu ƙarƙashin poll tax: na Birtaniya, kuɗin kai, na kudancin Amurka, harajin da sai an biya ake zaɓe. Shi ya rubuta na biyun da hannunsa, ya kuma ce tunda kowa ya ci rabi, kuɗin tsiren yamma ma a raba biyu.